Kundin Aikin Mayar da Masu Lalurar Taɓin Hankali Cikin Jama'a, Rukunin Farko

Wannan kundi ne na ƙaramin shirin da ke taimaka wa masu lalurar ƙwaƙwalwa mai tsanani su koma ga harkokinsu, a wata unguwa da ke bayan ganuwar Kano. Yawancinsu sikizofireniya ke damunsu, cutar da ke sa mutum jin muryoyi ko zargin abin da babu shi, kaɗan kuma baifola, cutar da ke ɗaga mutum har ya daina barci sannan ta kada shi cikin baƙin ciki. Masu aikin su ne nas ɗin ƙwaƙwalwa, mai koyar da ayyukan yau da kullum, jami'ar walwala, da ma'aikatan lafiya biyu 'yan unguwar. Rubuta magani da canza shi aikin likita ne, ko a asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko a Asibitin Malam Aminu Kano. Namu aikin yana farawa ne daga ƙofar gida.

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

An kammala ɗaukar rukunin farko, mutum goma sha biyu. Sharaɗin shiga shi ne likita ya riga ya ga mutum, cutar ta lafa, kuma shi da bakinsa ya ce ya yarda. Yardar yayansa ko ta mahaifiya ba ta wadatar. Kowa ya kawo mutum ɗaya na gida da za a riƙa tuntuɓa.

An auna nauyin kowa, da hawan jini, da sukari kafin karin kumallo, da faɗin ƙugu a tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin kwankwaso. Wannan awon dole ne, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu irin wannan lalura suna riga sauran jama'a mutuwa da shekara 10 zuwa 20, kuma akasari ciwon zuciya da ciwon suga da makamantansu ne ke ɗaukarsu. An kuma cike takardar WHODAS 2.0 ta wannan hukumar, mai tambayoyi 12, wadda ke duba wahalar da mutum ya sha a kwana 30 da suka wuce wajen wanka, sa tufafi, tafiya, hulɗa da mutane da aikin gida. A tambayi majinyaci daban, ɗan'uwansa daban. In aka haɗa su, kunya takan sa majinyaci ya ce "ba komai", ɗan'uwan kuma ya amsa masa duka.

Tambayar ƙarshe ga kowa ita ce, me kake so a ce kana yi nan da Babbar Salla? Wani ya ce shagon ɗinki, wani ya ce sallar jam'i ba tare da yara sun bi shi ba, wata ta ce a dawo mata da ɗanta da ke hannun kakarsa. A kan waɗannan amsoshi aka gina tsarin kowa.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Koke ɗaya ne ya cika ziyarar gida ta makonnin nan: "Ya daina surutai, amma ya zama rago, ko wanka sai an yi faɗa." Kafin a ce komai sai an gano abin da ya zaunar da mutum, don abubuwa da dama suna kama da juna a ido.

Akwai mutuwar zuciya da cutar kanta ke kawowa. Mutum ba ya baƙin ciki, ba ya kuma murna, fuskarsa a daskare, maganarsa 'yar kaɗan, fara kowane aiki yana yi masa nauyi. Magani ba ya taɓuka abin kirki a nan. Akwai kuma illar magani, musamman haloferidol da Largactil da allurar Modecate. Ana gane ta a jiki: nas ya riƙe gwiwar hannun mutum ya lanƙwasa ya miƙe, sai ya ji tana tafiya tana tsaitsayawa, ga rawar yatsu, ga dalalar miyau, in yana tafiya hannuwansa ba sa lilo. Wannan a rubuta wa likita ya rage magani ko ya sauya. Sai ciwon damuwa, wanda ake ganewa da kuka, ganin laifin kai, farkawa tun kafin assalatu da cewa rayuwa ba ta da amfani. Wannan ba a jira da shi, a kai shi asibiti a makon. A ƙarshe akwai wanda gida ne ya zaunar da shi: shekara da shekaru ba a aike shi ko sayen magi ba, don tausayi ko don tsoron abin kunya, har hannunsa ya manta.

Ga mai mutuwar zuciya da wanda gida ya zaunar, abin da ke aiki shi ne a gutsuttsura aiki. Wanka ba aiki ɗaya ba ne a wurin mai wannan hali. Ɗebo ruwa, ɗauko soso da sabulu, kai bokiti bayi, wankan, sa kaya masu tsabta, kowanne mataki ne. Makon farko 'yan gida su yi ukun farko, shi ya yi biyun ƙarshe. Mako na biyu ya ƙara da kai bokitin. Haka za a yi ta janye hannu daga baya zuwa gaba, don kullum shi ne mai ƙarasawa. An ɗaura kowane aiki a jikin lokacin salla maimakon agogo: shara bayan asuba, wanka kafin azahar, fita ƙofar gida bayan la'asar na minti 15.

Yadda ake magana ma sai an koyar. Tun binciken da George Brown da abokan aikinsa suka yi a Landan a shekarun 1960 aka san cewa gidan da ake yawan suka da hantara, ko ake kaffa-kaffa fiye da kima, cutar ta fi saurin dawowa. A wani gida an ji ƙanwar majinyaci tana cewa, "Kai dai kullum a kwance, ko kunya ba ka ji." Nas ya zaunar da ita da mahaifiyar ya ce, "Mama, a faɗa masa abu ɗaya tak, a kira shi yadda aka saba, a bar shi ya yi a hankali." Aka gwada nan take. Ta ce, "Yaya, ga ruwa can na kai maka, ka watsa kafin a kira salla." Ya ɗauki kusan minti goma kafin ya motsa, kuma abin da aka fi sha wahalar koya musu shi ne su yi shiru a cikin minti goman nan.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Azumi ya ƙarato. An aika kowa wurin likitansa da takarda mai tambaya biyu: zai iya azumi, kuma yaya za a tsara shan magani? Masu shan olanzafin ko risferidon sau ɗaya da dare ba su da matsala, sai dai a sha bayan asham. Masu sha sau biyu za su raba tsakanin sahur da buɗa-baki in likita ya amince. Mai shan litiyam, maganin baifola, shi ne abin damuwa, domin ƙarancin ruwa a jiki yana sa maganin ya taru a jini: amai, gudawa, karkarwa mai ƙarfi da tangaɗi alamu ne na a tsayar da shi a garzaya asibiti. Limamin unguwa ya zo ya yi wa iyalai bayanin rangwamen da aka yi wa marar lafiya a aya ta 184 da ta 185 ta Suratul Baƙara. Daga bakinsa maganar ta fi shiga.

Litinin, 10 ga Maris

An ɗauki azumi ranar 1 ga wata. Abin da ya fi taɓuwa shi ne barci: asham, hira, tahajjudi, sahur, sai a wayi gari mai baifola bai runtsa awa huɗu ba. Ƙa'idar da aka kafa ita ce, in mutum ya yi dare biyu a jere bai samu barcin awa biyar ba, a buga wa nas waya, kada a jira ranar asibiti. An mayar da zaman rukuni safiya, an rage shi daga minti 60 zuwa 40.

Litinin, 7 ga Afrilu

An yi Ƙaramar Salla ranar 30 ga Maris, ga bazara ta kankama, zafi yana haura digiri 40. Magungunan nan suna hana jiki daidaita zafinsa. Artane, da ake bayarwa don rage sandarewa da rawar jiki da magani ke kawowa, yana rage gumi, Largactil yana sa jiri in an miƙe da sauri, yana kuma sa rana ta ƙona fata. An hana aikin waje daga ƙarfe 11 zuwa la'asar, an ce kowa ya ajiye jarkar lita biyu da sunansa don a ga ko ya shanye. An nanata wa iyalai cewa zazzaɓi mai zafi tare da sandarewar jiki da ruɗewa ba maleriya ba ce har sai likita ya ce ita ce. A daina ba da maganin ƙwaƙwalwar, a kai shi asibiti a daren.

Allurar Modecate ba ta son zafin da ya wuce digiri 25, ba ta son haske, ba a kuma sa ta a firji. An samu mafita da tukunya cikin tukunya, dabarar da Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa daga Jigawa: yashi mai laima a tsakanin tukwane biyu, jiƙaƙƙen buhu a sama, allurar a cikin roba mai murfi don kada ruwa ya taɓa kwalinta. Ana jiƙa yashin safe da yamma, da ma'aunin zafi a ciki. Da damina ta sauka dabarar za ta rage aiki, don sai iska ta bushe take sanyaya.

Wani abu kuma: Artane, wanda matasa ke kira Exol, yana da kasuwa a unguwa. A gida ɗaya an ga na wata guda ya ƙare cikin kwana goma. Yanzu na mako ɗaya ake bayarwa, a hannun uwa, ana ƙirgawa.

Litinin, 28 ga Afrilu

An fara kai mutane wurin sana'a. Tsohuwar hanya ita ce a tara majinyata a ɗaki su yi ta saƙa tabarma ko haɗa sabulu wata da watanni, wai sai sun shirya. Bincike a kan tsarin IPS, wanda Deborah Becker da Robert Drake suka gina a Amurka a shekarun 1990, ya nuna akasin haka ya fi: a kai mutum wurin aiki na gaskiya da wuri, aikin da shi ya zaɓa, a bi shi da tallafi a can. A nan ba kamfanoni ne za su ɗauke su ba, don haka muka bi tsarin da kowa ya sani, na yaro da ubangida. An samu tela, kafinta, mai gyaran waya, da wata mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Biyu sun zaɓi kiwon ragon layya a gida.

Ana zama da ubangida kafin ranar farko, amma majinyaci ne ke yanke abin da za a faɗa masa. Wani ya ce a ce yana shan magani mai sa barci, shi ke nan, kuma haka aka faɗa. Yarjejeniyar a rubuce take: awa biyu a rana, kwana uku a mako, na mako biyun farko, sannan a ƙara awa ɗaya duk mako biyu in abin ya zauna. A fara da aiki guda mai maimaituwa, kamar sa maɓalli da guga a wurin tela, ko goge katako da sanfefa a wurin kafinta. Ba a ba mai rawar hannu ko mai gyangyaɗi injin yanka. Ranar allura da washegarinta hutu ne. Ladan aiki, komai ƙanƙantarsa, a hannun mai aikin ake damƙawa.

Matsalar da ta fara fitowa ita ce farkawa. Mai shan olanzafin miligiram 10 da ƙarfe 11 na dare ba zai iya shago da ƙarfe 8 ba. An dawo da shan maganin bayan isha, an mayar da fara aiki ƙarfe 10. Ta biyu ita ce riƙe umarni. Cutar tana taɓa ƙwaƙwalwar riƙe abu na ɗan lokaci, shi ya sa in tela ya ce "ɗauko zare baƙi, ka kunna dutsen guga, ka kai wa Alhaji kayansa", sai yaro ya yi na farko ya tsaya. Ubangida yakan ɗauka raini ne. An roƙe su su riƙa ba da umarni ɗaya-ɗaya, a kuma sa yaron ya maimaita. Ta uku kuwa zolayar sauran yaran shago ce, kuma ita ce ta fi saurin korar mutum. Magana ɗaya daga ubangida a gaban kowa ta fi duk wata lacca tamu.

Litinin, 19 ga Mayu

Mai unguwa ya kai mu wani gida inda aka ɗaure wani magidanci da sarƙa a ɗakin baya. 'Yan'uwansa ba mugunta ce ta sa su ba: ya taɓa ɓata har kwana da kwanaki, ya taɓa fasa kayan maƙwabci, ba su san wata hanya ba. Duk da haka ɗaurin zalunci ne, kuma Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta haramta shi. Jama'a ba su manta da mutum sama da 300 da 'yan sanda suka fitar daga wani gida a Rigasa ta Kaduna a Satumbar 2019 ba, wasu a ɗaure da sarƙa, amma ɗaurin mari na cikin gida ba wanda ke kai masa samame.

An kwance shi a ranar, da nas da wansa a wurin, aka wuce da shi asibiti. Ƙafar da aka ɗaure ta yi gyambo a idon sawu, gwiwoyin sun ƙage, don haka akwai wankin ciwo kullum, da allurar tetanus, da motsa gaɓoɓi sau biyu a rana kafin a yi maganar tafiya mai nisa. Malamin da ke yi masa ruƙiyya ba a kore shi ba. An zauna da shi aka daidaita: addu'a da tofi su ci gaba, ba duka, ba hayaƙi a rufaffen ɗaki, ba hana abinci, ba cewa a bar maganin asibiti. Gwajin COSIMPO da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, wanda aka buga a 2020, ya nuna majinyatan da masu maganin gargajiya da na addini suka kula da su tare da ma'aikatan lafiya sun fi samun sauƙi.

Litinin, 16 ga Yuni

An yi layya ranar 6 ga wata, an sayar da ragunan biyu da riba bayan an cire kuɗin dusa da harawa da kanwa. Amma ɗaya daga cikin masu kiwon ya koma kwanciya a mako na gaba. Ragon ne ke tashinsa da asuba, da aka sayar sai ranarsa ta zama fanko. Nan gaba tunkiya ko akuya mai haihuwa za a saya, ko a ajiye kuɗin ɗan rago a sayo shi a kasuwar da ta biyo bayan salla. An kuma raba kuɗin kashi uku a gabansa, da yardarsa: jari, magani na wata uku, da na aljihu.

Litinin, 14 ga Yuli

Cutar ta motsa wa matashin da ke wurin kafinta. Da aka bi sawu, ya bar shan magani kusan wata guda, don ya ji garau kuma wani abokinsa ya ce mai aiki ba ya buƙatar ƙwaya. Alamun sun bayyana tun mako biyu kafin nan: ya daina cin abincin gida, yana toshe kunne da auduga, yana kwana da fitila. Katin alamun gargaɗi da aka rubuta masa tun Janairu yana da biyu daga cikin ukun, amma katin yana cikin akwati. Yanzu a bangon ɗakin uwa ake liƙa shi, da lambar nas a ƙasa. Likita ya tattauna da shi kan allura maimakon ƙwaya, ya amince: gwajin miligiram 12.5 a tsokar ɗuwawu, a duba shi bayan mako guda, sannan a tsayar da adadi da tazara. Ubangidansa ya ce gurbinsa na nan. Dawowar cuta ba ta soke shiri, sai dai a koma awa biyu a sake hawa.

Damina ce, kowane gida da maganin feshi da na ɓera. An bi gida-gida an ce a kulle su a akwati mai kwaɗo, makulli a hannun mutum ɗaya, haka ma ragowar ƙwayoyi. Haɗarin kashe kai ya fi yawa a makonnin da suka biyo bayan sallama daga asibiti, da lokacin da hankali ya dawo mutum ya ga abin da ya rasa. Ma'aikata suna tambaya kai tsaye, a keɓe: "Ka taɓa jin gara ka mutu? Ka yi tunanin yadda za ka yi?" Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, kuma da yawa sukan ji sanyi an tambaye su.

Litinin, 11 ga Agusta

An maimaita awo. Duk wanda nauyinsa ya ƙaru da kashi 7 cikin 100, ko ƙugunsa ya kai santimita 94 in namiji ne, 80 in mace ce, ko sukarinsa kafin cin abinci ya kai 7.0, ko jininsa ya tsaya a 140 bisa 90, an rubuta wa likita. Masu olanzafin ne suka fi ƙiba, don yunwar da yake sawa ta gaske ce. Cewa "ka rage ci" ba ya aiki. Abin da aka yi shi ne cire lemon kwalba, rage sukarin shayi da na koko zuwa cokali ɗaya, ƙara zogale da wake, da tafiyar minti 30 a rukuni bayan la'asar, kwana biyar a mako.

A zaman mata, wanda jami'ar walwala ke yi ita kaɗai da su, wata ta ce al'adarta ta ɗauke wata uku kuma nononta na kawo ruwa, har uwar miji ta fara zargi. An yi gwajin ciki, babu. Risferidon ne, yana ɗaga sinadarin da ke kawo nono. A maza yakan rage sha'awa da ƙarfi, kuma wannan na cikin manyan dalilan da ke sa magidanci ya jefar da magani bai gaya wa kowa ba, don haka nas namiji yana tambaya a kowane awo. An kuma duba cewa babu mace mai shekarun haihuwa da ke kan Epilim, maganin baifola da farfaɗiya, ba tare da likita ya yi mata bayanin illarsa ga ɗan tayi ba, da cewa masu shan Tegretol, shi ma irin wannan maganin, sun san yana raunana ƙwayar tazarar haihuwa.

Matar da ta nemi ɗanta yanzu yana wuni a wurinta kwana uku a mako, ita ke yi masa wanka da abinci, kakar tana kusa. Kwana zai fara bayan an ga yadda kukan dare zai yi da barcinta.

Litinin, 8 ga Satumba

Kuɗin magani ne ya fi komai barazana yanzu. In kuɗi ya yanke, iyali sukan raba ƙwaya biyu ko su riƙa bayarwa yau a tsallake gobe, ba su faɗa ba. Iyalan sun kafa adashe na mako-mako, ana sayen magani na wata uku a dunƙule daga kantin da ke da rajista, ana duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a kowane kwali. Jami'ar walwala tana bin yadda za a shigar da marasa ƙarfi cikin tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha.

An fara horar da ma'aikatan ƙaramin asibitin unguwa da littafin mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya, mai koya wa waɗanda ba ƙwararru ba kula da lalurar ƙwaƙwalwa, don allurar wata-wata ta dawo kusa, a huta da kuɗin adaidaita sahu. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya sauke majinyata a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin ƙwaƙwalwa na Aro a Abeokuta, kowa da ɗan'uwansa, suna zuwa asibiti da rana, kuma a kan wannan layin muke tsara rukuni na biyu: zaman asibiti kaɗan, ziyarar gida da ta shago da yawa. Biyu daga rukunin farko sun yarda su riƙa raka sababbi wurin sana'a a makon farko, za a biya su ladan ranar. Za a sake cike WHODAS a ƙarshen wata, a zauna da kowa a kan burin da ya faɗa a Janairu. Ana neman ƙarin iyayen gida mata, don har yanzu mai ƙuli-ƙuli ce kaɗai, kuma mata huɗu ne a jerin masu jira.